Dodon Wa 'Ya'yanmu Suke Tsoro?

Duk wanda ya taɓa yin damina a New Bell ya san irin daren da muke nufi. Ruwa ya tsuge tun la'asar bai ɗauke ba, kwatoci sun cika sun tumbatsa, an ɗauke wuta, kwanon rufi yana ta amo har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. A irin wannan dare ne, cikin watan Agusta, muka tarar da yaran gidanmu sun dunƙule a lungun zaure, kai da kai, sun zuba wa waya guda ido. Fim suke kallo. Waɗansu samarin Turawa ne suka ɓace a wani dajin ƙasar sanyi, wani abu da ba a gani yana bin sawunsu, an kuma juya muryoyinsu zuwa Faransanci. Ƙaramar cikin yaran ta rufe fuska da mayafi, amma ta bar kafar ido ɗaya. Da fim ya ƙare muka tambaye su sunan abin da ya halaka samarin, suka faɗa mana shi har da asalinsa. Sai muka ce, to, wa ya san labarin cinya da kare? Shiru. Can babbansu, mai shekara 14, ya tambaya ko sunan wani fim ne na Nijeriya.

Ba mu ga laifin yaran ba. Yaro yana son a tsorata shi muddin yana jin ɗumin na kusa da shi, kuma idan gida bai ba shi dodo ba zai aro a waje. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, mu Hausawan Duwala muna zaune a kan taskar da masu shirya irin wannan fim suke yawon nema a duniya, mun bar ta gara tana ci. Ra'ayinmu, wanda muka san ba kowa zai karɓa ba, shi ne ya kamata a yi fim ɗin tsoro na daji da harshen Hausa, a yi shi a nan ƙasar, dodon da ke cikinsa ya zama namu, laifin da ya tashe shi ma ya zama namu. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mai wuyar cikawa, kuma za mu zo gare shi.

Akwai dattawan da suka ɗauka duk fim ɗin tsoro jini ne da ihu, don haka bari mu faɗi irin wanda muke magana a kai. Ƙashin bayansa guda ne ko'ina aka yi shi. Mutanen birni su shiga daji, 'yan ƙasa su gargaɗe su, su yi dariya, ɗayansu ya taɓa abin da aka ce kada a taɓa, daga nan hanya ta ɓace. A 1999 waɗansu matasa biyu a Amurka suka fitar da The Blair Witch Project, labarin ɗalibai uku da suka shiga wani daji a jihar Maryland neman mayya. Kuɗin da aka kashe wajen ɗaukarsa bai taka kara ya karya ba, amma ya tara kusan dala miliyan 250. Har fim ya ƙare ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya. Tarin duwatsu ne a bakin tanti, da ƙiraren da aka ɗaure aka rataye a reshe, da kukan yara cikin dare. Abin lura kuma, almarar mayyar ba ta da asali. Masu fim ɗin ne suka ƙirƙire ta, don ba su da wadda za su gada. A 2017 The Ritual ya bi da abokai huɗu 'yan Ingila cikin dajin arewacin Suwidin, inda suka yanke hanya don sauri suka faɗa hannun wata halitta daga almarar mutanen da na ƙasar.

Wanda ya fi kama da halinmu daga Indunusiya ya fito, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. A 2022 aka saki KKN di Desa Penari, labarin ɗaliban jami'a shida da aka tura hidimar ƙasa wani ƙauye a gabashin tsibirin Jawa. Mai gari ya nuna musu iyakar da ba a ƙetarewa, waɗansu suka ƙetare, aljanar wurin ta riƙe su. Mutum fiye da miliyan 9 suka sayi tikitin kallonsa a cikin ƙasar, har ya zarce duk wani fim na gida da aka yi kafin shi. Nahiyarmu ma ba a bar ta a baya ba. Saloum, wanda Jean Luc Herbulot ya shirya a 2021, ya kai sojojin haya uku cikin fadamun Sine-Salum na Senegal, inda iskokin wurin ke kama mutum ta kunne, sai wanda ya toshe nasa ya tsira. Tun kafin waɗannan duka, a 1973, lokacin da fari ke cin Sahel, Moustapha Alassane na Nijar ya yi Toula, almarar yarinyar da aka miƙa wa macijin ruwa don a sami ruwan sama. Ba a kira shi fim ɗin tsoro ba a wancan zamani, amma wanda ya kalli yadda aka raka yarinyar bakin tafki cikin kiɗa da ado ya san tsoro ya gani.

Idan aka tattara su gaba ɗaya, labarin baƙo ne da ya shiga wurin mutane ba sallama. To, wa zai koya wa Bahaushe wannan labari?

Mu koma ga cinya da kare, don wanda ya manta. Tatsuniyar Ruwan Bagaja ce, wadda kakanni ke yi tun kafin Abubakar Imam ya ari sunan ya sa wa littafinsa na 1934. Kowace kaka da yadda take juya ta, amma gindinta bai sauya ba. An ɗora wa 'yar bora laifin ɓata kirgin kwanciya, aka kore ta ta je ta wanko shi a wani ruwa da ba wanda ya san inda yake. Ta yi ta tafiya ita kaɗai, tana tarar da koguna na abinci iri iri suna kiran ta ta ci, tana ba su haƙuri tana wucewa. Hadari ya taso, ta hangi wata bukka a tsakar daji, ta yi sallama ta shiga. Masu gidan su biyu ne: cinyar mutum, ita kaɗai ba gangar jiki, da wani kare. Cinya ta yi gurnani, kare ya fassara. Yarinya ba ta yi dariya ba, ba ta yi tambaya ba, abin da aka sa ta ta yi, ta kwana, aka sallame ta da ƙwai, ta fasa inda aka ce, ta koma gida da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawu don ƙyashi, ta cinye abin da ta tarar a hanya, ta shiga bukka ba sallama, ta kwashe da dariya da ganin cinya na magana. Abin da ya fito daga nata ƙwan kowa ya san shi.

A tsaya a dubi wannan bukka da idon mai ɗaukar hoto. Ruwa na zuba, fitila babu, yarinya na tsugune, a gabanta ga wani yanki na jikin ɗan Adam yana numfashi, kuma dole ta gaishe shi da ladabi. Ba mu san wani darakta na Turai ko na Asiya da ya ƙago abin da ya fi wannan tayar da tsikar jiki ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Ga budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, sai ga saurayi sumul ya zo, aka ɗaura, ya ɗauke ta zuwa garinsu. Tun daga bayan gari ya fara mayar da kayan aro, nan ya ba da ƙafa, can ya ba da hannu, har ya rage abin da ya rage, ita kuwa tana biye, gida ya yi nisa. Ga mai cikin da ta rasa mai ɗora mata tulu a bakin rafi, Dodo ya fito ya taimake ta, ta yi masa alkawarin abin da za ta haifa, ta manta, shekaru suka wuce, ranar bikin 'yar sai ga shi a ƙofar gida ya zo karɓar bashinsa.

Wannan kalma ta bashi ita ce mabuɗin. Dodon tatsuniya ba mahaukaci ba ne mai sara kan mai uwa da wabi. Yana da haƙƙi, ko aƙalla yana da hujja. An yi masa alkawari an saɓa, ko an shiga gidansa an raina shi. Shi ya sa tsoronsa ke daɗewa a zuciya, don mai sauraro yana jin cewa da shi ne a wurin, da wataƙila shi ma ya yi wannan kuskure. Dokokin da aka raine mu da su duk a kan haka suke: kada a zauna gindin tsamiya da tsakar rana, kada a watsa ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, kada a yi fito da dare, idan an kira sunanka a daji ba ka ga mai kira ba kada ka amsa. Mu kan kira su camfi mu wuce, amma abin da suke koyarwa shi ne wuri yana da masu shi ko ba ka gan su ba. Tarihin Kano ya kawo bishiyar Tsumburbura da aka kewaye da katanga a zamanin Barbushe, wadda ba mai shiga sai shi. Rijiyar Kusugu ta Daura, ranar Juma'a kaɗai macijin ke bari a ɗiba. A Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, ana bikin buɗin daji kafin a shiga farauta, a Argungu kuma ba a faɗawa Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Duk wannan na Hausawa ne baki ɗaya, na Kano da na Maraɗi da na Kumasi. Amma akwai kason da yake namu mu kaɗai, kuma shi ne dalilin da ya sa muke cewa a nan ya kamata a yi fim ɗin.

Bahaushe ɗan fili ne. Dajin da ya sani, dawa ko jeji, wuri ne da ake hango kuka tun daga nesa, ake ganin hadari tun yana gabas, ake kama hanya da Kaza da 'Ya'yanta, ake tashi da Gamzaki. Kakanninmu fatake da suka gangaro daga Yola da Banyo da Ngaundere da Tibati a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suka bi ta Yoko suka ƙetare Sanaga, sun shiga wata duniyar da ba ta cikin tatsuniyar iyayensu. Kurmi ne wanda rana ba ta taɓa ƙasarsa. Jaki ba ya rayuwa a ciki saboda tsando, sai a sauke kaya a ɗora wa 'yan alaro. Ba inuwar da za a auna a san azahar ta yi, ba tauraron da za a duba a kama alƙibla. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara ya ninka na Kano wajen sau huɗu. Madugun da ya san makarin kowace kura da kowane ɗan fashi tsakanin Katsina da Gwanja, a nan bai san sunan itacen da ya jingina da shi ba, balle sunan abin da ke zaune a kansa. Waɗanda suka fito da rai su ne suka kafa unguwar Briketeri a Yawunde, su ne kuma suka sauka a nan bakin teku.

Ko ƙasar da muke takawa ba ta daɗe da zama gari ba. A 1914 Jamusawa suka kori Duwalawa daga filayensu na bakin kogin Wuri, suka ware New Bell can baya, da tazara tsakaninta da unguwar Turawa. A ranar 8 ga Agusta na wannan shekara suka rataye Rudolf Duala Manga Bell saboda ya ƙi yarda. Baƙi ne suka cika New Bell daga baya, mu da Bamileke da Basa da Ewondo da sauransu. Nylon kuwa fadama ce da ciyayi har wajen ƙarshen shekarun 1950, mutane suka yi ta cike ta da ƙasa kwando kwando, suka sa wa unguwanninta sunan yadi, ga Nylon ga Tergal. Duk damina ruwa yana dawowa tsakar gidajenmu ya duba tsohon mazauninsa. Wanda ke neman wurin ɗaukar fim, daga Yupwe ya shiga kwalekwale, cikin ɗan lokaci zai tsinci kansa tsakanin itatuwan nan masu tsayuwa da saiwoyinsu cikin ruwan gishiri, inda kowace mashiga ta yi kama da 'yar uwarta.

Ga fim ɗin da ba wanda ya yi tukuna: ayari ya bar Tibati, ya shiga kurmi, jagaba ya ɓace a dare na uku, kowace safiya a ƙirga mutane a ga an ragu da ɗaya, ko kuma, wanda ya fi muni, an ƙaru da ɗaya. Wanda ba ya son komawa zamanin da, ga na yau. Direbobinmu na manyan motoci da ke bin hanyar Bertuwa da Garwa-Bulai zuwa Bangui, ko su haye Ngaundere zuwa Njamena, kowanne yana da labarin matar da ta tsayar da shi da tsakar dare inda ba gari, ya ɗauke ta, sai da hasken wata mota ya haska ƙafarta ya ga kofato. Mun ji shi a bakin mutum ya fi goma, kowa yana rantsuwa abokinsa ne abin ya faru da shi.

Yanzu ga wurin da ake zamewa. Hanya mafi sauƙi ga mai shirya irin wannan fim ita ce ya ɗauki abin da maƙwabci ke girmamawa ya mai da shi dodo. Finafinan kudancin Nijeriya sun daɗe suna haka: mugun daji, gunkin ƙauye, a ƙarshe fasto ya zo ya kore shi. Na Kano ma, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, in ban da kaɗan irin su Daskin da Riɗi da suka koma ga tatsuniya da gaske, abin da suka fi nuna mana shi ne boka a kogo, da jan ƙyalle da baƙi, yana ƙyalƙyala dariyar da ba ta tsorata ko jariri, sai malam ya iso da carbi a gama. Wannan lalaci ne, amma a Kano lalaci ne kawai. A Duwala wasa da wuta ne.

Masu masaukinmu, mutanen Sawa, suna da Miengu, iskokin ruwa da suke ɗauka a matsayin masu kai saƙo tsakaninsu da magabata. Kowace shekara a farkon Disamba ana taruwa bakin Wuri don bikin Ngondo, gwanin nutso ya sauka ƙarƙashin ruwa da tukunya ya dawo da saƙon shekara. Gwamnati ta hana bikin a 1981, aka dawo da shi a 1991, a 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya. Dikongué Pipa, ɗan ƙasar, da wannan biki ya buɗe fim ɗinsa Muna Moto na 1975, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1976. Mu ba mu yi imani da Miengu ba, kuma ba wanda ya ce mu yi. Amma ranar da wani yaronmu ya sa wa budurwa fuskar roba ya kira ta Jengu mai shan jinin Musulmi, ya watsa a intanet, ya ɓata zaman da kakanninmu suka shekara ɗari suna gyarawa. Mu 'yan tsiraru ne a garin nan. Mun kuma ɗanɗana yadda ake ji idan an yi wa mutum kuɗin goro, a shekarun da yaƙi ya shigo Arewa Mai Nisa daga 2014, lokacin da babbar riga da hula suka isa a kalle ka sau biyu a tasha.

Shi ya sa muka ce laifin ya zama namu. A tambayi ayarin nan na Tibati me yake ɗauke da shi. Turkuɗi da kanwa da dutsen ado yake kawowa, gaskiya ne, amma me yake komawa da shi? Goro da danƙo da hauren giwa, kuma kafin Turawa su hana, har da mutane. Bayin da mayaƙan Ngaundere suka kamo daga ƙasar Gbaya, fatake na cikin masu sayensu. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ɓoye wannan ciniki ba a Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Su ma Duwalawa suna da tasu almarar, ekong, ta mai arzikin da ke sayar da danginsa a ɓoye su je su yi masa bauta a dutsen Kupe bayan an ɗauka sun mutu. Masana da dama suna ganin tabon cinikin bayi ne ya zama almara. Wannan tasu ce, su za su ba da ita. Tamu ita ce ta madugun da abin da ke bin ayarinsa ba aljanin kurmi ba ne, Dodo ne na gida, ya biyo shi tun daga arewa, ya zo karɓar bashin wata yarinya da aka sayar a zango na biyu. Fim ɗin da ya yi ƙarfin halin faɗar haka zai tsorata mu fiye da kowace fuskar roba, kuma ba maƙwabcin da zai ce an zage shi.

Akwai zamiya ta biyu. Kalmar daji a kunnen Bahaushen yau ba aljani take kawowa ba. Sambisa take kawowa da 'yan matan Chibok na 2014, da dajin Rugu, da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kora cikin jeji a Disambar 2020, da zargina masu tare hanya, da masu satar mutane a Adamawa ta Kamaru. A unguwanninmu akwai gidajen da aka yi karo-karo aka aika kuɗin fansa. Mai fim ɗin da zai shiga daji dole ya san da waɗannan mutane a cikin masu kallonsa. Kada kuma ya ɗauki sanda da malfa ya ɗora wa dodonsa, alhali makiyayan Mbororo su ne suka fi kowa shan wuyar masu satar mutane a Adamawa.

Sai maganar malamanmu, wadda ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Za su ce wannan raya bori ne da tsafi, kuma ƙofa ce ta shirka. Wani ɓangare na maganarsu gaskiya ne. Fim ɗin da zai nuna cewa yanka wa Doguwa baƙar akuya shi ne mafita, ya koyar da abin da ba ma so 'ya'yanmu su koya. Amma samuwar aljanu ba camfi ba ce a wurin Musulmi. Sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. A cikinta ne aka ambaci mutanen da ke neman tsari da aljanu, masu tafsiri kuma suka bayyana cewa Larabawan jahiliyya idan dare ya riske su a wani kwari sukan nemi tsarin shugaban aljanun wurin, abin da bai ƙara musu komai ba sai wahala. Sunna ta maye gurbin wannan da addu'ar da matafiyi ke yi idan ya sauka a masauki. Ashe matafiyin da dare ya yi masa a wurin da ba nasa ba, yana rawar jiki, yana tsakanin ya dogara ga Allah ko ya nemi sulhu da abin da ke cikin duhu, tsohon labari ne wanda addini da kansa ya san shi. Madugun da ke da laya a damtse da addu'a a baki, ya rasa wadda zai riƙa, ya fi bokan kogo amfani ga mai wa'azi. Ba mu kuma ji wanda ya ce a cire littattafan Imam daga makarantu don suna cike da aljanu ba.

Batun kuɗi ba zai tsayar da mu ba. Sinima Wuri ta rufe a Janairun 2009 tare da sauran biyun da suka rage a ƙasar, sai a 2017 aka buɗe CanalOlympia a Besenge, amma yaranmu ba can suke kallo ba, a waya suke kallo. Matasan da ke ɗaukar bikin aure a unguwa suna da kyamarar da ta fi wadda aka yi Blair Witch da ita. Abin da za su kashe wa kuɗi shi ne sauti: ruwa a kan ganye, takun da ya tsaya idan ka tsaya, sallamar da aka amsa daga inda ba kowa. Su bar Hausar yadda muke yin ta a nan, da Fulatancinta da Faransancinta da Turancin kasuwa, su rubuta fassara a ƙasan hoto don maƙwabta su kalla tare da mu. Kada su yi rawa da waƙa a tsakar kurmi, don Allah.

Abin da ya fi kyamara gaggawa shi ne tsofaffin mata. Su ne ke riƙe da labaran, kuma kowace shekara muna raka waɗansu makwanci. Frank Edgar ya wallafa kundi uku na tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913, amma a Nijeriya ta Arewa ya tattara. Yadda tatsuniyar ta sauya bayan ta ƙetare Sanaga, yadda rafi ya zama teku, kura ta ja baya, ruwa ya shigo gaba, wannan yana bakin kakannin New Bell ne kaɗai.

Mu kanmu mun gwada. Da aka sake ɗauke wuta bayan kwana biyu, muka tara yaran muka ce ga ta nan ga ta nanku. Ba wanda ya san amsar, sai da muka koya musu. Muka kama labarin 'yar bora, muka isa kogi na biyu, sai ya kuɓuce mana; shekara talatin ba mu faɗe shi ba. Dole aka aika a taso Gwaggo daga ɗakinta. Ta zo tana faɗa, ta ce mun sa kogin zuma a inda ba nan yake ba, ta karɓe labarin daga bakinmu. Sau uku aka tsayar da ita: a tambayi mene ne kirgi, mene ne bora, kuma da wane harshe karen yake fassara. Da ta iso bukka ta sauke murya, ta yi gurnanin cinya daga ƙirjinta, sai muka ga mai shekara 14 ya zaro wayar ya danna ɗaukar murya ba tare da kowa ya sa shi ba. Ƙaramar kuwa, da aka ce ta ɗauko buta a tsakar gida, cewa ta yi sai dai a raka ta.